Kwana huɗu da koren kunkuru

Jiya na miƙa makullin ɗakin saba ga yaron da zai gaje ni, bayan shekara shida ina kula da kwamfutocin wata makarantar kuɗi a nan Sakkwato. Ya tambaye ni abin da ya fi ba ni wuya a aikin. Ban iya ba shi amsa a tsaye ba, don har yau in na tuna Disambar 2023 sai ƙirjina ya yi nauyi.

Tsohuwar sabarmu, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan makaranta, tana kan Windows Server 2012 R2, wanda Microsoft ta daina yi wa gyaran tsaro ranar 10 ga Oktoba 2023. A cikinta akwai VirtualBox 5.2, manhajar da ke tafiyar da wata kwamfuta ta kwaikwayo a cikin ta gaske, shi kuma yana ɗauke da irin wannan baƙuwar kwamfuta mai Windows 7, inda manhajar sakamakon jarrabawa da kuɗin makaranta take zaune. Wanda ya rubuta manhajar ya daɗe da barin gari, don haka lallaɓa ta muke yi kamar ƙwai. Ni na rubuta takarda har sau uku ina roƙon a sayo sabuwar saba. Da aka amince, Darakta ya ba wani nasa kwangilar, na'ura ta iso da Windows Server 2022 an riga an ɗora mata, saura kwana goma a yi hutu.

Na roƙe shi mu bari sai yara sun tafi. Ya ce, "Malam, kuɗi munka kashe ba kaɗan ba. Ina son in ga wanga abu na aiki ran Litinin." Na ce, "Ranka shi daɗe, kwana ɗaya ya ishe ni." Wannan maganar ita ce kuskurena, kuma ba na ɗora wa kowa ita. Ban buɗe littafin VirtualBox na duba jerin masu masaukin da ya yarda da su ba, wato irin Windows ɗin da aka gwada shi a kansu. Da na tsaya na yi lissafi ma ya isa: 5.2 ya fito a 2017, Server 2022 kuwa sai a 2021. Yaya za a ce an gwada baƙo a gidan da ba a gina ba tukuna? Bayan haka kuma na yarda aka ɗauke tsohuwar saba ranar Asabar da rana, aka goge ta don a kai wani reshe.

Daren Asabar ni kaɗai ne a ɗakin. Iskar hunturu na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, ƙura ta kwanta a kan kibod har yatsuna na barin shaida. Na kwafe fayilolin baƙuwar zuwa sabuwar saba, na saka 5.2 daga filashina, da ƙyar ya shiga. Na danna a tashi baƙuwar, sai saƙo ya fito cewa babu VT-x, wato sashen furosesa da baƙuwar ke buƙata don ta tashi, da lambar VERR_VMX_NO_VMX a ƙasa. Sau uku ina shiga BIOS, wato saitin tushe na na'urar, sau uku ina ganin VT-x a kunne.

Abin da ban sani ba shi ne ɗan kwangila ya kunna Hyper-V, manhajar Microsoft mai irin aikin VirtualBox, kafin ya kawo na'urar, kuma bai gaya wa kowa ba. Shi Hyper-V ba ya jiran Windows ta tashi. Yana riga ta farkawa, ya kama VT-x na furosesa ya riƙe, ita kanta Windows ɗin ta koma zama a ƙarƙashinsa. In VirtualBox ya zo nema sai ya tarar an riga shi. Daga siga ta 6.0 ne ya fara iya lallaɓawa ya bi ta hannun Hyper-V, amma da tafiyar hawainiya, kuma yana nuna hakan da ɗan hoton koren kunkuru a ƙasan taga.

Ranar Lahadi na sauke 7.0 da datar wayata. Baƙuwar ta tashi, na yi hamdala, na ga kunkurun ban san ma'anarsa ba. Litinin da safe malamai suka yi layi da takardun maki, sakamakon ɗalibi ɗaya na cin minti biyar kafin ya buɗe. Wata malama mai goyo ta zauna a benci tun ƙarfe tara har azahar ba ta shigar da rabin ajinta ba. Ba ta ce mini komai ba, kuma shirunta ya fi mini ciwo.

Talata aka kira taro. A gaban ma'aikata duka Darakta ya ce yaran yanzu takarda kawai suke ɗaukowa daga jami'a, an kawo musu sabuwar na'ura sun lalata. Bai faɗi cewa na nemi a jira hutu ba. Bai kira ɗan kwangila ya tambaye shi me ya kunna ba. Na haɗiye, don mai neman abinci ba ya musu da mai tukunya a bainar jama'a.

Daren Laraba, bayan isha'i, na buɗe msinfo32, shafin Windows mai nuna bayanan na'ura, ina karantawa layi-layi, har na kai ƙasa inda aka rubuta cewa an gano wani hypervisor, wato manhaja irin su Hyper-V, yana aiki. Nan komai ya faɗo mini. Na rubuta bcdedit /set hypervisorlaunchtype off, umarnin da ke hana Hyper-V tashi, na sake kunna sabar. Kunkuru ya ɓace, alamar V ta maye gurbinsa, sakamako na buɗewa kafin ka ƙifta ido. Na zauna a ƙasan tayil ɗin nan mai sanyi na daɗe ban motsa ba. Alhamis aka buga katin kowane ɗalibi, Juma'a iyaye suka karɓa.

A rahoton da ya kai wa masu makaranta, Darakta ya rubuta cewa ɗan kwangila ne ya warware matsalar ta waya. Mutumin bai ɗauki kirana ko sau ɗaya ba a kwanakin nan. An kuma yanke mini wani abu a albashin watan.

Sauran abin da na koya gajeru ne. Kada a goge tsohuwar saba sai sabuwa ta yi sati biyu tana aiki. A kashe baƙuwa gaba ɗaya kafin a ɗauke ta, kuma a kwafi jakarta duka har da Snapshots, jakar da ke riƙe da sauye-sauyen baya-bayan nan, in ba haka ba bayanai su koma baya. Cire Hyper-V kaɗai ba ya isa wani lokaci, don tsaron ƙwaƙwalwa na Windows ma kan tayar da shi. A ganina kuma VirtualBox kayan kwamfutar tebur ne, bai kamata a jingina masa makaranta guda ba. Cikin hutun na juya faifan baƙuwar zuwa VHD, tsarin da Hyper-V ke karantawa, na mayar da baƙuwar kan Hyper-V kansa, kuma tun daga lokacin ba ta sake tsayawa ba.

Duk wannan na rubuta shi a shafi biyu na manna a cikin ƙofar akwatin saba, da kwanan wata da sunana a ƙasa. Na nuna wa yaron jiya, na ce masa duk ranar da aka matsa masa ya faɗi kwana nawa aiki zai ci, ya ce sai ya gwada tukuna, kuma ya faɗe ta a rubuce.