Darussan da na koya wajen kafa tashoshin awo a tekun Atlantika

Tun daga 1997 ƙasashen Brazil da Faransa da Amurka suke gudanar da shirin PIRATA, wanda ya kafa tashoshin awo a yankin zafi na tekun Atlantika, ciki har da wadda a da take daidai inda layin Ikweta ya haɗu da layin Greenwich, kudu da gaɓar Gana. Na yi aiki a jirgin bincike da ke zuwa sauya irin waɗannan tashoshi, kuma babban abin da na fahimta shi ne kusan duk aikin yana ƙarewa ne kafin a saki anka, wato nauyin da ke riƙe tashar a ƙasan teku, domin daga lokacin da ta nutse babu mai sake taɓa komai sai bayan kimanin shekara guda.

Tashar kanta ba ta da wuyar bayani. A sama akwai wani babban zobe mai shawagi kamar goran masunta, ɗauke da na'urorin auna iska da ruwan sama da hasken rana. A ƙarƙashinsa waya ce ta ƙarfe da aka jera wa na'urorin auna zafin ruwa har zurfin mita 500, wasunsu kuma suna auna gishiri, sai igiyar nailan mai tsawon kilomitoci, sai na'urar saki, sai ankar da galibi tsofaffin ƙafafun jirgin ƙasa ne. Bayanan suna tafiya ta tauraron ɗan'adam zuwa masu hasashen yanayi, kuma suna da amfani a gare mu kai tsaye, tunda sanyin da ke bayyana a saman ruwan mashigin Gini daga watan Mayu yana da alaƙa da yadda damina ke hawowa arewa zuwa Sahel.

Na'urar saki ce ta fi koya mini haƙuri. Aikinta ɗaya ne: ta zauna a ƙasan teku cikin duhu da matsin ruwa, ta saurari wani saƙon sauti da jirgi zai aiko baɗi, sannan ta buɗe ƙugiyarta ta rabu da anka domin a ɗauko sauran kayan. Idan ta amsa kira a bisa jirgi, wannan bai tabbatar da komai ba, saboda sanyi da matsi na zurfin mita 4,000 suna tona raunin batir da na robar toshe ruwa da ba a gani a sarari. Shi ya sa ake ɗaura ta a jikin kejin awon da ake zurarawa cikin teku, a saukar da ita ƙasa sosai, a kira ta, a jira amsarta, a ba ta umarnin buɗewa, sannan a dawo da ita a duba. Gwajin yana cin sa'o'i masu tsada, kuma a ganina ba a taɓa yin asararsu ba. Haka ma na'urorin zafi, ana gwada su tare da wadda aka amince da ita, domin kuskure ƙanƙani da ba a gano ba zai shiga bayanan shekara guda ba tare da kowa ya lura ba.

Tsarin jefawa ya saɓa wa tunanin sabon shiga, domin anka ce ke zuwa ƙarshe. Ana fara sauke zoben, jirgi yana tafiya a hankali yana fuskantar iska da igiyar ruwa, ana warware waya ana ɗaura na'urori ɗaya bayan ɗaya, mutum guda kuma ba shi da wani aiki sai rubuta lambar kowace na'ura da zurfinta da lokacin shigarta ruwa. Tsawon igiyar ana yanke shi ne bisa zurfin wurin, ya ɗan gaza kaɗan domin nailan ya miƙe ya riƙe tashar da ƙarfi, don haka sai an auna ƙasan tekun da kyau tukuna. Ankar kuma ba ta sauka inda aka sake ta, igiyar tana janyo ta baya, saboda haka jirgi kan wuce wurin da ake nufi kafin a saki, daga baya a zagaya a auna nisanta da sauti daga wurare uku.

Tashar da aka ɗauko ita ma malama ce. Takan fito lulluɓe da halittun ruwa masu maƙalewa, wani lokaci da zaren kamun kifi a nannaɗe da wayar, domin kifin tuna yana taruwa a ƙarƙashinta, jiragen kamun kifi kuma suna bin sa. Kafin a wanke komai ana ɗaukar hotuna ana rubuta inda ƙarfe ya ci da inda igiya ta goge, sannan a sake gwada na'urorin a ga yadda awonsu ya karkace cikin shekarar.