Corollar Hajiya da silinda ta uku

Talata, tsakiyar Agusta.

Tun asuba ake tsuga ruwa, bai ɗauke ba sai da hantsi. Garejinmu da ke gefen titin Nnamdi Azikiwe duk ya caɓe, yara suna kwashe ruwan da ya taru a ramin da muke shiga ƙarƙashin mota. Ko shayi ban gama kurɓa ba wata Hajiya, malamar makaranta daga Unguwar Rimi, ta shigo da Corolla ƙirar 2005. Tun daga bakin ƙofa na ji injin yana ɗingishi.

Bayan mun gaisa ta ce, "Malam, don Allah ka duba mini motar nan. In na tsaya a danja sai sitiyari ya yi ta karkarwa a hannuna, jiya kuwa da ƙyar ta hau gadar Kawo. Mai kuma shan sa take yi ba ji ba gani." Ta ce ta kai ta wani wuri, an canja fulogi, an wanke nozul, abin bai daina ba, sai aka ce mata ringi ne ya cinye, sai an sauke inji. Da ta faɗi kuɗin da aka yanka mata sai idonta ya ciko, don ya haura albashinta.

Wannan magana ta sauke inji tana ci mini rai. Mota ta yi misin kaɗan, wato wata silinda tana ƙin bugawa, ba a auna komai ba, a ce a farke ta. Silinda abu uku take nema kafin ta yi aiki: wuta a kan lokaci, mai da iska daidai gwargwado, da matsi. Ɗaya ya gaza, ta daina bugawa, sauran ukun su yi ta jan ta. Aikin makanike shi ne ya gano wanne ne ya gaza, kuma a fara da mai sauƙin dubawa. Ringi shi ne na ƙarshe a layi.

Na ce, "Hajiya, ki zauna a benci ki huta, ba za mu kwance komai ba sai mun gani da idonmu."

Na sa ƙaramin yarona ya jona na'urar gwaji a ramin nan mai baki 16 da ke ƙasan sitiyari. Duk motar da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996 tana da shi, kuma yawancin tokumbon da ke yawo a Kaduna daga can suke. Lamba ɗaya ta fito, P0303. Na tambaye shi me ya gani, ya ce, "Oga, silinda ta uku ce ba ta kamawa, a sayo kwail." Kwail shi ne abin da ke ba fulogi wuta. Na ce rabin maganarsa daidai ne. Ƙwaƙwalwar mota tana lura da juyin karanshaf ne, ta ga a wane bugu ya rage sauri, sai ta nuna silindar. Ba ta san ko kwail ne, ko fulogi, ko nozul, ko bawul ba. Wannan sai hannu.

Injin wannan Corollar, 1ZZ-FE, kowane fulogi da kwail ɗinsa a kansa, don haka gwajin bai cin ko sisi. Muka kwance noti mai lamba 10, muka ɗauke kwail na uku muka mayar da shi silinda ta ɗaya, na ɗaya ya koma ta uku. Muka goge lambar, muka zaga har shataletalen Mando muka dawo. Da muka sake jonawa sai ga P0301. Ciwon ya bi kwail ɗin ya koma sabon wuri. Da a ta uku ya tsaya, da fulogi zan sauya haka, sannan nozul.

Amma tun lokacin da na zaro shi na ga abin da ya fi damuna. Robar da ke ƙasan kwail ɗin sharkaf take da baƙin mai, ta kumbura, ta yi laushi a tsakanin yatsuna. Na haska tocila cikin ramin fulogin, sai ga mai ya kwanta har ya rufe kan notin, yana ƙyalli. A jikin farin tangaran na fulogin akwai wani siririn baƙin layi daga sama zuwa ƙasa, kamar an ja shi da fensir. Nan wutar take bi ta tsere zuwa jikin inji maimakon ta isa bakin fulogi. Gaskit ɗin murfin saman inji ne ya bushe saboda zafi da shekaru, yana ɗigar da mai a ramin. Wanda ya canja fulogi kwanan baya dole ya ga man nan. Da an sa sabon kwail an bar gaskit, shi ma zai bi sahun na farko, Hajiya ta ce kayan zamani ba su da ƙarko.

Na kira ta ta leƙa da kanta. Ina son mai mota ya ga abin da zai biya kuɗi a kai.

Don hankalinta ya kwanta kan batun ringi, na cire fulogi duka huɗu na ɗaura agogon auna matsi. Toyota ta ce kada silindar wannan injin ta sauka ƙasa da 145 a ma'aunin psi, kuma kada tazarar da ke tsakaninsu ta wuce 15. Huɗun nan duk sun haura, kusan kai ɗaya suke. Na nuna mata allurar ina cewa, "Hajiya, injinki lafiyarsa lau." Ta yi hamdala har sau nawa ban ƙirga ba.

Bayan Azahar na tafi Ori-Apata da ƙafata, ban aiki yaro ba, don harkar fulogi yanzu sai da ido. Jabu ya cika kasuwa, kwali iri ɗaya, rubutu iri ɗaya. Na gaske bakinsa siririn iridiyam ne, tazararsa milimita 1.1, rubutun jikinsa ba ya gogewa da farce. Waɗanda aka sa wa Hajiya ba irin na injin ba ne ma. Na haɗo huɗu masu kyau, da gaskit, da kwail Denso na tokumbo wanda robarsa ba ta tsage ba.

A hanyar dawowa na tuna maigidana, Allah ya ji ƙansa, zamanin da Fijo 504 ta kamfanin Kakuri ta cika garin nan. Shi ba shi da na'ura. Injin na silo, wato yana kunne mota na tsaye, zai riƙa zare wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya yana saurare, wadda ya zare sautin bai canja ba, ita ce matacciya. Tunanin da muka yi yau da kwail shi ne dai nasa. Abin da nake tsoro shi ne yaran yanzu su ɗauka allon na'ura ya ɗauke musu wannan tunanin.

Muka tsotse man da ke ramin kafin mu ɗaura komai, muka goge bakin murfin tas, muka zaunar da gaskit, muka ɗaure notuna daga tsakiya zuwa gefe ba da ƙarfin tuwo ba, don murfin bai son matsi da yawa. Da na tada ta, allurar silo ta tsaya cak, salansa ta daina tari.

Kafin ta tafi na ja mata kunne a kan abu ɗaya. Fitilar injin da ta ce tana ƙiftawa kwana biyun nan ba irin wadda take kunne kawai ba ce. In tana ƙiftawa, fetur ɗin da bai ƙone ba yana gangarawa cikin salansa ya ƙone a kan indomi, wato matatar hayaƙin da ke cikinsa, ya narkar da ita, kuɗinta kuwa ya ninka na kwail nesa ba kusa ba. Na ce in ta sake ganin haka ta sassauta totur, ta nemi wuri ta tsaya. Na kuma roƙe ta ta hana masu wankin mota feshe injin da ruwa mai ƙarfi, don ruwa ma yana shiga ramukan nan ya yi ɓarnar da mai ya yi.

Dab da Magariba aka jawo wata Honda daga Barnawa. Ƙaramin yaron ya jona na'ura ba tare da na ce masa ba, P0300 ta fito tare da P0171, wato misin ɗin ba na silinda ɗaya ba ne, kuma iska ta fi mai yawa. Ya ɗago ya ce, "Oga, wannan ba kwail ba ne ko?" Na ce masa gobe da safe ya fara bin robobin iska ɗaya bayan ɗaya yana neman tsaga, in bai samu ba mu auna ƙarfin famfon mai.