Abin da korar Bobby Robson ta koya min bayan tawa korar

Tun da aka sallame ni daga aikin horar da ƙungiyar nan, 'yan'uwana masu horarwa ke ta kira suna yi min jaje, kuma kusan bakinsu ɗaya: "Koci, ka yi haƙuri, haka aikin ya gada." Na gode musu, haƙuri kuma na yi. Shiru ne ba zan yi ba, domin akwai matasa da ke shirin shigowa wannan sana'a da tunanin cewa idan kana cin wasa babu mai taɓa kujerarka.

Duk wanda ya bi wasanninmu ya san inda na samu ƙungiyar da inda na bar ta. Na same ta tana neman gangarawa rukunin ƙasa, yara na bin bashin alawus, na bar ta cikin na saman teburi. Matsalar ta faro ne daga wani yaro da ciyaman ya kawo. Yana da ƙafa, ba zan zalunce shi ba, amma atisayen safe sai ya ga dama yake zuwa. Ranar wani wasan gida muna ɗakin canza kaya, na riga na cika takardar sunayen 'yan wasa, sai ga ɗan aike ya shigo riƙe da waya: "Oga na magana." Na ce, "Ranka ya daɗe, yaron bai shirya ba, a bar shi a benci, zan sa shi bayan hutun rabin lokaci." Ya ce, "Koci, ƙungiyar taka ce ko tawa?" Duk yaran suna ji, har kyaftin ya sunkuyar da kai yana ɗaure igiyar takalmin da ya riga ya ɗaure. Mun ci wasan. Ba a jima ba aka doke mu a waje da ci ɗaya, a filin da kowa ya san baƙo ba ya fita da maki, washegari sakatare ya miƙo min takarda. Ko dalili ba a rubuta a ciki ba.

A kwanakin da na yi a gida ne na koma kan tarihin Bobby Robson, mutumin da nake bibiya tun ina koyon aikin. Ɗan mai haƙar kwal ne daga arewa maso gabashin Ingila, an haife shi a 1933. Ya buga wa Fulham da West Bromwich Albion, ya saka rigar Ingila sau 20, ya je gasar cin kofin duniya ta 1958. Fitarsa ta farko aiki ƙasar waje a 1967 ce, zuwa Vancouver Royals ta Kanada a matsayin ɗan wasa kuma koci, amma abin bai yi daɗi ba, ya dawo gida. Fulham ta ba shi aiki a 1968, ta kuma kore shi a cikin shekarar, kuma a allon masu sayar da jarida ya fara ganin labarin. Wannan mutumin ne daga baya ya yi shekara 13 a Ipswich, ya ɗauki Kofin FA a 1978 da Kofin UEFA a 1981, ya kai Ingila wasan kusa da na ƙarshe a kofin duniya na 1990, inda Jamus ta Yamma ta fitar da su a bugun fenariti.

Yana da shekara 57 ya sake fita. Ya ci gasar Holan sau biyu a jere da PSV, duk da ciwon kan da ɗan wasansa Romário, ɗan Brazil, ya riƙa ba shi a kan atisaye. A 1992 ya koma Sporting ta Lisbon, kuma nan ne labarin ya fi taɓa ni. A Disambar 1993 Sporting na saman teburin gasar Fotugal. Suka haɗu da Casino Salzburg ta Ostiriya a Kofin UEFA, suka ci 2-0 a gida, aka rama musu 3-0 a waje bayan ƙarin lokaci. Shugaban ƙungiyar, Sousa Cintra, ya kore shi. Ka duba fa: ƙungiya na kan gaba a gasar ƙasa, kuma Salzburg ɗin da aka raina sai da ta kai wasan ƙarshe a kakar. Wanda ya kai ƙasarsa dab da wasan ƙarshe na duniya ke nan, an kore shi a kan dare ɗaya. To ni wane ne?

Ban ɗauki wannan a matsayin rarrashi ba. Abin da ya nuna min shi ne na daɗe ina auna aikina da ma'aunin da mai ƙungiya ba ya amfani da shi. Ni maki nake ƙirgawa, da yaran da suka gyaru a hannuna. Shi kuwa abin da yake dubawa ko ya ji kunya a gaban abokansa, ko an musa masa a gaban yara. Ranar da na ce a bar yaron a benci aka rubuta takardata, rashin nasarar nan jira kawai ake yi ta zo. Da na sake samun kaina a wurin, amsar da na bayar ita zan sake bayarwa, domin kocin da ya bari aka cika masa takardar sunaye ta waya ya riga ya rasa ɗakin, ko da albashinsa na shiga.

Abin da Robson ya yi bayan korar ya fi korar muhimmanci. Porto, ɗaya daga cikin manyan abokan hamayyar Sporting, ta ɗauke shi ba da daɗewa ba. A ƙarshen kakar Porto ta doke Sporting ɗin a wasan ƙarshe na Kofin Fotugal na 1994, sannan ya ci gasar ƙasa a 1995 da 1996, alhali a tsakani yana fama da cutar kansa. Kuma bai tafi shi kaɗai ba. Matashin da Sporting ta ba shi ya riƙa yi masa tafinta, José Mourinho, ya bi shi Porto, ya bi shi Barcelona. Robson ya lura yaron ya san ƙwallo, ya riƙa tura shi leƙen asirin abokan karawa, ya buɗe masa ƙofar filin atisaye. A Porto ma wani maƙwabcinsa ɗan shekara 16, André Villas-Boas, wanda daga baya ya zama koci kamar Mourinho, ya tare shi da maganar zaɓen 'yan wasa, maimakon ya kore shi sai ya jawo shi jiki. Waɗannan babu shugaban ƙungiyar da ya iya karɓe su da takardar sallama.

Na tuna da haka ne da mataimakina ya zo gida da daddare, ya ce an ba shi riƙon ƙungiyar, amma idan na ce ya ajiye zai ajiye. Na ce masa kul, ya riƙe, yana da iyali, kuma yaran sun fi buƙatarsa yanzu. Na ba shi littafin da nake rubuta tsarin atisaye da bayanin kowane ɗan wasa. Ciyaman bai taɓa sanin akwai littafin ba, don bai taɓa tsayawa atisaye har a tashi ba.

Barcelona ma ba ta yi wa Robson adalci ba. A kakar 1996/97 ya kawo Ronaldo ɗan Brazil daga PSV, yaron ya ci ƙwallo 47 a wasa 49, ƙungiyar ta ɗauki kofi uku, ciki har da Copa del Rey da kofin Turai na zakarun kofunan ƙasashe, ta zo ta biyu a La Liga bayan Real Madrid. Duk da haka aka ɗauke shi daga benci aka ba shi ofis, aka damƙa wa Louis van Gaal ƙungiyar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ya zauna ya yi shekarar, sannan ya koma PSV, daga nan Newcastle ta gida, wadda ita ma ta sallame shi a 2004 bayan wasa huɗu kacal da fara kaka.

Sauran abubuwan ƙanana ne. Ka koyi yaren yaranka ko da gurguwar magana ce, tsawa ta bakin tafinta ba ta shiga. Kada ka zagi ƙungiyar da ka bari a rediyo, 'yan wasanta naka ne. Kada ka ranta wa ƙungiya kuɗin mota daga aljihunka, ko da an rantse maka za a biya ranar Litinin.

Ga masu shigowa kuma, kafin ka busa usur ɗin atisayen farko, a rubuta a kwantiragi wanda ke da ikon zaɓen 'yan wasa, da abin da za a biya ka idan aka sallame ka kafin wa'adi. Ni a kan "ai mu 'yan'uwa ne" aka ɗauke ni aiki, kuma har yau ragowar albashina na hannunsu. Na rubuta musu, zan kuma ci gaba da rubutawa har su biya.