Ranar da na nemi istagfara a babin alif

Shekara biyu na yi ina haddace kalmomin Larabci ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsintar gero a cikin yashi, yau in riƙe goma gobe bakwai sun gudu. Abin da ya farkar da ni wallahi abin kunya ne, ƙamus na ɗauka zan duba istagfara, na buɗe babin alif na bi shafi shafi har idona ya fara ruwa, babu. Malaminmu na zaure yana kallona bai ce uffan ba sai da na gaji, sannan ya ce "kai malam, cire mata kaya tukuna." Alif da sin da ta'un nan duk ƙari ne, asalin haruffa uku ne kacal, gain da fa da ra. Gafara dai da muke faɗa kullum. Istagfara kuwa neman gafarar ne, don duk fi'ili, wato aikatau, da ya hau ma'aunin istaf'ala galibi nema yake nufi.

Daga ranar na fara ganin abin ko'ina, har a Hausar da nake yi a gida. Hukunci da hikima da hakimi ashe 'yan ɗaki ɗaya ne. Ilimi da malam da alama haka. Shaida da shahada da shahidi. Mun ari kalmomin tun kaka da kakanni amma ba mu tambayi danginsu ba.

Malaman sarfu, wato ilimin yadda kalmomin Larabci ke sauya siga, ma'auninsu ɗaya ne, fa'ala, duk wani fi'ili a kansa ake ɗora shi a ga nauyinsa. Ɗauki alima, ya sani. Ka sa wa harafin tsakiya shadda ya koma allama, ya koyar. Ka ƙara ta a gaba, ta'allama, ya koya da kansa. Kasara ya karya, inkasara ya karye. To nan ne fa abin ya ba ni dariya, don mu ma haka muke yi ba mu sani ba: saya, saye, sayo, sayar, sayu, ko fita, fito, fitar, babu Bahaushen da ya taɓa zama ya haddace su amma ƙaramin yaro ba zai ce fito a inda ake fitar ba. Hatta ma ɗin da ke gaban maktab da masjid, mu ma ga ta nan a makaranta da masaƙa da majema. Ni dai a ganina da malamai za su fara da wannan kwatancen da rabin waɗanda suka gudu daga darasin sarfu ba su gudu ba.

Amma kar in yi muku ƙarya, akwai inda dabara ba ta aiki sai hadda. Babuka shida na fi'ili mai harafi uku, nasara yansuru, daraba yadribu, fataha yaftahu da sauran, wasalin tsakiyar nan jinsa ake yi a riƙe. Sai sigogi 14 na madi (aikin da ya wuce) da 14 na mudari'i (wanda ake yi ko za a yi), kataba kataba katabu (na biyun a ja shi), ina rera su a kan mashin har masu adaidaita suna kallona. Shi ya sa magabata suka mayar da abin waƙa, Shehu Abdullahi na Gwandu ma littafi guda ya tsara a baitoci kan sarfu kaɗai, Hisnur Rasin, har yau ana karanta shi a zaure.

Masu ba ni wahala har yanzu su ne fi'ilai masu illa, waɗanda harafin wawun ko ya'un ke cikin asalinsu, yau ka gan shi gobe ya ɓace. Ƙala, yaƙulu, ƙul, wawun na tsakiya ya yi layar zana sau biyu. Shekaranjiya kuma na gamu da wanda ya fi su rashin kunya, waƙa, wai ya kare ke nan ba waƙarmu ta makaɗa ba, umarninsa harafi ɗaya tak ya rage, ƙi. Shi ne na cikin "wa ƙina azaban nar" da nake karantawa tun ina ɗan Islamiyya. Na tambayi malam ina sauran biyun suka tafi, ya ce in zo da littafina ranar Asabar bayan la'asar.