Zaman lura da numfashi a ɗakin jinya

Aikina jinyar masu ciwon damuwa da fargaba ne ta hanyar tattaunawa. Waɗanda suka fi tsaya mini a rai su ne waɗanda ciwon ya kama, suka samu sauƙi, ya sake dawowa, har sau uku ko fiye. Saboda su na zauna na koyi zaman lura da numfashi, wanda tushensa ke cikin koyarwar Buddha. Wani nassi na wannan koyarwa mai suna Satipatthana ya lissafa abubuwa huɗu da mutum zai sa wa ido: jikinsa, daɗi ko zafin da yake ji, yanayin zuciyarsa, da abubuwan da ke gilmawa a cikinta.

Jon Kabat-Zinn ne ya shigo da hanyar asibiti a 1979, a makarantar likitanci ta Jami'ar Massachusetts da ke Amurka, ya tsara ta mako takwas ba tare da wata ibada a ciki ba. Ni dai tsarin Zindel Segal da Mark Williams da John Teasdale nake bi, domin bincikensu na shekarar 2000 ya nuna komowar ciwon ta ragu kusan da rabi ga irin mutanen da na ambata. Waɗanda ya kama sau biyu kacal kuwa, ba a ga wannan amfanin a wurinsu ba, abin da masu tallar hanyar ba su cika faɗa ba.

Kusan kowa yakan zo da zaton za a koya masa kashe tunani ne. Wata mata, bayan mun yi shiru na minti biyar, ta buɗe ido a fusace.

"Likita, ni fa ban iya ba. Hankalina ya ƙi tsayawa."

Na ce, "Malama, wa ya gaya miki ya tafi?"

"Ni na lura mana."

To, wannan lurar ake nema. Mai ciwon damuwa, da zarar ransa ya ɗan ɓaci, tsoffin saƙe-saƙe kan taso masa: ba ni da amfani, haka zan ƙare. Sai ya shiga muhawara da su, ita kuwa muhawarar ke ƙara dulmiyar da shi. Idan ya saba ganin hankalinsa ya tafi ya dawo da shi, sau ɗari ma, wata rana zai tsinci kansa yana cewa "ga tunanin nan ya sake zuwa", maimakon ya ɗauke shi hukuncin da aka yanke masa.

Sai dai ba kowa numfashi ke zame wa mafaka ba. Wani mai fama da firgita, da ya rufe ido ya mai da hankali kan ƙirjinsa, sai hannuwansa suka kama rawa, gumi ya keto masa. Muka bar idanun a buɗe, ya koma jin tafin ƙafarsa a ƙasa da ƙarar fanka. Willoughby Britton ta Jami'ar Brown da abokan aikinta sun wallafa bincike a 2017 kan wahalhalun da wasu masu wannan zama ke shiga, shi ya sa nakan fara tambayar ko mutum ya taɓa ganin wani mummunan tashin hankali a rayuwarsa kafin in ce ya rufe ido. Wanda ciwon ya kayar a halin yanzu kuma, sai ya ɗan farfaɗo tukuna.

Tsarin yana son a yi kusan minti 45 kullum a gida, amma masu yi ba su da yawa, kuma ba na ganin laifinsu. Akwai kuma gajeren zama na minti 3 a cikin tsarin, shi ya fi ɗorewa. Nakan nemi su haɗa shi da wani abin da ba ya wuce su, kamar tashi daga barci, mako na zagayowa kuma in fara da tambayar ranakun da suka tsallake da abin da ya hana.