Sati uku da na ɓoye maganin ɗana

Ɗana na biyu sikila gare shi, SS ne. Ni AS babansa AS, lokacin aurenmu ba wanda ya ce mu je gwajin jini, sai da yaro ya kai wata takwas hannayensa da ƙafafunsa suka kumbura yana ta tsala kuka dare da rana, sannan likita ya zaunar da mu ya ce duk cikin da zan ɗauka akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da ciwon. Yanzu shekararsa 9.

Wanda ke zaune a Jos ya san sanyin Disamba, to lokacin ne hankalina baya kwanciya, don sanyi da ƙarancin shan ruwa da maleriya su ke tayar masa da ciwon. Ba irin azumi da addu'ar dare da ban yi ba a kan yaron nan.

Bara waccan aka yi taron farkaswa a wani fili kusa da mu, mai wa'azin baƙo ne, ya ɗora masa hannu yace an gama, ya warke, in har na ba da gaskiya in daina ba shi magani don wai ci gaba da magani shakka ce. Na yarda. Gaskiya na gaji ne kawai, so nake a ce min ya ƙare. Na kwashe folic acid ɗinsa, wato ƙwayar da ke taimaka wa jiki yin jini, da maganin rigakafin maleriya na tura ƙasan akwatin zannuwana, ko babansa ban gaya wa ba. Sati uku.

Rannan wajen ƙarfe biyu na dare yaron ya tashi jiki zafi zau, idonsa ya yi rawaya, tafin hannunsa fari fat, yana cewa Mama ƙafata, Mama bayana, in na taɓa shi sai ya ƙara ihu. Maƙwabcinmu ne ya kai mu asibiti a motarsa. Maleriya ce ta cinye masa jini, sai da aka ƙara masa leda ɗaya, ƙanin babansa ya bayar.

Kwana na uku shugabar zumuntar matan cocinmu ta zo da kunu a filas, ta tarar da ni a bakin gado na kasa ko buɗe baki in yi addu'a, don ni a ganina ko dai bangaskiyata ce ta kasa ko kuma ni na kusa kashe ɗana. Na faɗa mata komai ina kuka. Ba ta yi min faɗa ba. Tace 'yata, Luka da ya rubuta Bishara ba likita bane? Ta buɗe 2 Korintiyawa sura 12, inda Bulus ya roƙi Ubangiji har sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, amsar da ya samu ita ce alherina ya ishe ka. Tace to ke kin fi Bulus bangaskiya ne, ko shi ma za a ce shakka ya yi?

Maganar nan ta zauna min. Ashe duk shekarun nan ciniki nake da Allah, in yi azumi kaza Ya biya ni da warkarwa, in bai yi ba sai in hau neman laifina. Da yamma dattawan ikilisiya suka zo suka shafa masa mai kamar yadda Yakubu 5:14 ya ce, suna addu'a ruwan da aka ɗaura masa yana ɗiga a hannunsa, ba wanda ya ce a cire.

Daren ne na gaya wa babansa gaskiya. Ya daɗe shiru, sannan yace mu yi addu'a.

Har yau ina roƙon Yesu Ya warkar da shi sarai, ban daina ba kuma ba zan daina ba. Likita ya ɗora shi a kan wani maganin sikila mai suna hydroxyurea, ciwon ya rage tashi sosai. Kullum da dare sai ya sha magani da kofin ruwa cike mu durƙusa tare, in na manta ma shi ke cewa Mama magani tukuna.