Wi-Fi ɗin Hajiya

Gidanmu a Agege bene ne: ni da iyali muna sama, Hajiya tana ƙasa. Rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida, tana falona, rufin simintin da ke tsakaninmu kuwa yana cinye sigina. Kullum sai Hajiya ta zauna a tsakiyar matakala kafin ta yi kiran bidiyo da jikokinta na Kano, ga ciwon gwiwa.

Ina da Raspberry Pi 3, wata 'yar ƙaramar kwamfuta, a ajiye, sai na ce me zai kai ni kasuwa? Na ja waya daga rauta zuwa ƙasa, na sa masa manhajar hostapd, wadda ke mayar da shi mai raba Wi-Fi. Dare uku na yi ina fama kafin wayata ta gan shi. Ranar na ji kaina ya yi girma.

Daɗin bai daɗe ba. Pi ɗin samfurin 2016 ne, zangon 2.4 GHz kaɗai ya sani, kuma a wannan zango tasha uku ce ba sa shiga juna: 1, 6 da 11. A unguwa irin tamu, inda gida ke jingine da gida, maƙwabta sun riga sun cika su. Eriyarsa ma ba ta fi ƙwayar shinkafa ba.

Amma abin da ya karya ni wuta ce. Komai nasa a kan katin memori yake, in aka ɗauke wuta yana cikin rubutu, katin na iya lalacewa. Sau biyu hakan ta faru, na biyun ina wurin aiki a Apapa. Hajiya ta kira: "Ɗan nan, abin naka ya sake sumewa. In zuba masa ruwa ne?"

Asabar na tafi Computer Village, kasuwar kayan kwamfuta a Ikeja, na sayi wani mai raba Wi-Fi, TP-Link Archer C7, na hannu. Na kashe masa aikin raba wa na'urori adireshin intanet don kada su yi karo da rautar sama, na ba shi suna da kalmar sirri iri ɗaya da nata, na haɗa masa ƙaramin batirin 12V. Duka aikin bai kai awa ɗaya ba, har da shan shayi.

Ban yi nadama ba, domin da ban sha wahalar hostapd ba, da ban san abin da zan kashe a sabon ba. Kuskurena shi ne yin gwaji da layin da Hajiya ta dogara da shi. Pi ɗin yana teburina yanzu. In ya sume, ni kaɗai nake sani.